Zuwa ga Edita: Yadda baƙo zai sami abincin kirki a gaɓar tekun Malaga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da wasu za su ga kamar ƙarami ne, amma duk wanda ya taɓa yin mako guda a ƙasar da ba ta Musulmi ba ya san nauyinsa, wato inda mutum zai zauna ya ci abinci hankalinsa kwance. A 'yan shekarun nan mutanenmu da Allah ya hore wa suna ƙara fita hutu da iyalansu, kuma bayan Dubai da Masar da Turkiyya, wasu sun fara leƙa kudancin Sifaniya, ƙasar da littattafanmu na tarihi ke kira Andalus. Mafi yawansu sukan ziyarci fadar Alhambra a Garnada da tsohon masallacin Ƙurɗuba, sannan su gangara bakin tekun Bahar Rum, zuwa lardin Malaga, yankin da ake kira Costa del Sol, ma'ana gaɓar rana, su ƙarasa kwanakinsu a can. Abin da ya dame ni shi ne, kusan duk wanda na zanta da shi bayan ya dawo yakan yaba gine-gine da tsabtar tituna, amma da zarar an zo maganar abinci sai ya ce ya sha wahala, alhali kuwa yankin yana cikin wuraren da Musulmi zai iya cin abinci mai daɗi, mai tsabta, kuma halal, ba tare da ya kashe kuɗi masu yawa ba.

Wahalar iri biyu ce, kuma na ɗanɗana dukkansu a zuwana na farko tare da iyalina. Tsoron faɗawa cikin haram ya sa muka yi kwana uku ba mu ci komai ba sai shawarma da soyayyen dankali a wani ƙaramin shago da ke da tambarin halal a ƙofarsa, har yara suka fara ƙin ci. A rana ta huɗu muka shiga wani gidan abinci a tsakiyar unguwar masu yawon buɗe ido, irin wanda ake kafa allo mai hotunan abinci a gabansa, ga wani saurayi a tsaye yana kiran masu wucewa da harsuna daban-daban. Aka kawo mana shinkafa da kayan teku wadda daga gani an daɗe da dafa ta aka ɗumama, aka kuma caje mu kuɗin da ya ninka abin da muka yi tsammani. Ranar Juma'a ce wani dattijo ɗan Maroko, wanda ya shekara fiye da ashirin a garin, ya ji kukana bayan an idar da salla, ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ya gyara mana sauran hutun da ma zuwan da na sake yi daga baya. Abin da zan faɗa a nan ya samo asali ne daga shawararsa da abin da na gani da idona.

Farkon abin da ya kamata baƙo ya gane shi ne lokaci. Mutanen Sifaniya suna cin babban abincinsu na yini tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana, na dare kuwa ba a fara shi sosai sai ƙarfe tara ta yi. Gidan abincin da ke dafa wa 'yan gari yakan rufe madafarsa tsakanin waɗannan lokuta biyu, saboda haka wanda ya fito da yunwa da ƙarfe goma sha biyu na rana, ko ƙarfe shida na yamma, ba zai tarar da kowa a buɗe ba sai masu jiran baƙi irinsa, kuma su ne mafi tsada da ƙarancin inganci. Dalilin wannan jinkiri yana da alaƙa da agogon ƙasar, domin tun shekarar 1940 Sifaniya ta koma bin agogon tsakiyar Turai, wanda ya gabaci inda ranarta take, sannan a lokacin zafi a ƙara awa guda. Wannan ya sa a watannin Yuni da Yuli azahar ba ta shiga a Malaga sai bayan ƙarfe biyu, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi. Ga Musulmi lissafin yana da sauƙi ƙwarai: ya yi sallar azahar ya fita cin abincin rana, ya yi magariba ya fita cin na dare, zai iske kansa a teburi ɗaya da 'yan gari.

Bayan lokaci sai wuri. Malaga garin masunta ne tun kafin ya zama garin otal-otal, kuma har yau mafi kyawun abincinsa yana tsofaffin unguwannin masunta, musamman Pedregalejo da El Palo, waɗanda ke gabas da tsakiyar birni da tazarar kilomita kaɗan, bas yana kai mutum cikin ɗan lokaci. A can gidajen abinci suna jere a bakin ruwa, ana kiran irinsu chiringuito, kuma a gaban kowannensu, a kan rairayi, akwai wani tsohon kwale-kwale da aka cika da yashi aka hura wutar itace a cikinsa, galibi itacen zaitun. Duk Bahaushen da ya ga wannan zai tsaya, domin tukubar mai tsire ce sak. Mai gashin yakan ɗauki kifin sadin ɗanye, biyar ko shida, ya soke su a tsinken gora ko na ƙarfe, ya barbaɗa musu gishiri mai tsakuwa, ya kafa tsinken a yashi a gefen wuta ta ɓangaren da iska ke fitowa, yadda zafi zai gasa kifin hayaƙi kuma ya yi gaba. Cikin 'yan mintoci fatar ta yi ƙyalli ta fara tsagewa, a juya ɗaya gefen, a zare a faranti a kawo da yankin lemun tsami. Sunan wannan gashi espeto. Babu mai, babu miya, babu wani abin da aka ɓoye a ciki, kuma komai a gaban idonka aka yi shi, wanda hakan shi ne babban kwanciyar hankalin mai kiyaye abin da yake ci.

Wanda bai san sadin ba sai na gwangwani zai yi mamakin yadda ɗanyensa yake da maiƙo da zaƙi. 'Yan garin suna cewa ya fi kyau a watannin da sunansu ba shi da harafin "r" a harshensu, wato Mayu da Yuni da Yuli da Agusta, lokacin da kifin ya yi ƙiba, kuma wannan ya dace da lokacin hutun yawancin mutanenmu. Da hannu ake cinsa. Mutanen El Palo suna ba da labarin cewa sa'ad da Sarki Alfonso na Goma Sha Biyu ya zo lardin a 1885 don jajanta wa waɗanda girgizar ƙasa ta shafa, an kawo masa wannan kifi ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu, sai mai gashin ya ce masa ya ajiye su ya sa yatsunsa. Na kawo wannan ne domin na ga wasu 'yan'uwanmu suna jin nauyin cin abinci da hannu a gaban Turawa, alhali a wannan wuri haka kowa yake yi.

Abu na biyu da yankin ya shahara da shi shi ne soyayyen kifi, wanda ake kira fritura malagueña: ƙananan kifaye iri-iri da wasu halittun ruwa, a turbuɗa su a gari kawai a tsoma a mai mai zafi, a kwashe kafin su sha man. Mafi soyuwa a cikinsu wani ɗan siririn kifi ne mai suna boquerón, wanda saboda son da suke yi masa har ake yi wa mutanen Malaga kansu laƙabi da sunansa. A ƙarshen El Palo akwai wani babban gida mai suna El Tintero inda ba a ba mutum takardar jerin abinci. Masu hidima ne suke zagayawa da faranti a hannu suna shelar abin da suka ɗauko kamar 'yan talla a tasha, wanda ya ga abin da ya yi masa sai ya ɗaga hannu, a ƙarshe a ƙirga farantan da ke gabansa a faɗa masa kuɗinsa. Ga baƙon da ba ya jin harshen wannan tsari yana da amfani, tunda yana ganin abin kafin ya karɓa, sai dai wurin akwai hayaniya da cunkoso a ranakun Asabar da Lahadi. A garin Torremolinos ma akwai tsohuwar unguwar masunta mai suna La Carihuela, ko da yake baƙi sun fi yawa a can.

A nan ne nake ganin mu mabiya mazhabar Imamu Malik muke da sauƙin da ba mu cika amfani da shi ba. Allah ya halatta mana farautar teku da abincinsa a cikin Suratul Ma'ida, kuma hadisi ya tabbata cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. A mazhabarmu wannan halacci ya haɗa da jatan lande da ƙaguwa da sauran halittun ruwa masu ɓawo, ba kifi kaɗai ba. Saboda haka mafi yawan abin da ake sayarwa a waɗancan unguwanni halal ne a asalinsa. Inda matsala take shi ne abin da ake haɗawa da shi, kuma wannan ne ya kamata a tsaya a yi bayaninsa dalla-dalla.

Naman alade yana da babban matsayi a girkin Sifaniya, kuma sau da yawa yakan shiga abinci ba tare da an ɗauke shi a matsayin nama ba. Idan ka ce wa mai hidima ba ka cin nama, zai iya kawo maka wake ko ganye da aka yayyanka busasshiyar cinyar alade a kai, wadda suke kira jamón, ana furta shi hamon, domin a wurinsa wannan kayan ƙamshi ne kamar yadda daddawa take a wurinmu. Miyar tumatir mai kauri da ake sha da sanyi, wadda ake kira porra a lardin Malaga, salmorejo kuma a Ƙurɗuba, kusan kullum da shi ake yi mata ado a sama. Dunƙulen da ake soyawa mai suna croqueta yawanci da shi ake cika shi. Romon da ake dafa miya ko shinkafa da shi yakan kasance na ƙashin alade ne. Kalmomin chorizo da lomo da morcilla da panceta duk alade suke nufi a mafi yawan lokuta, manteca kuwa kitsensa ne, kuma da shi ake yin wasu kayan zaƙi na gargajiya kamar mantecado da polvorón. Sai kuma giya: ƙananan kayan teku masu ɓawo da aka rubuta a la marinera a gabansu galibi da farar giyar inabi ake dafa su, haka ma wasu miyoyin kifi ana ɗiga musu ita. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke iya tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar gyaɗa da ƙwai da madara, amma naman alade ba ya cikinsu, don haka kada alamomin da ke jikin takardar jerin abinci su ruɗi kowa ya ɗauka an gaya masa komai.

Maganin wannan shi ne tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata. Kalmomi kaɗan sun isa: cerdo shi ne alade, vino giyar inabi, sin kuma yana nufin "ban da". Wanda ya ce sin jamón, sin cerdo, sin vino, ya kuma nuna abincin ya tambaya ko akwai su a ciki, za a fahimce shi, domin mutanen wannan gaɓa sun saba da maƙwabtansu 'yan Maroko da baƙi Larabawa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai don an yi masa wannan tambaya ba. Yana da kyau kuma a tambaya ko man da ake soya kifi shi ne ake soya croqueta a ciki. A gidajen da kifi ne sana'arsu akan raba, a ƙananan wuraren da ke sayar da komai da komai kuwa ba lallai ba ne.

Akwai abincin gargajiya da dama da babu nama a cikinsu tun asali, kuma wasunsu ana danganta su da zamanin Musulmi. Ajoblanco farar miya ce mai sanyi da ake yi da niƙaƙƙen almon, wanda Larabawa ke kira lauz, da tafarnuwa da burodi da man zaitun, a jefa 'ya'yan inabi a ciki, kuma a ranar da zafi ya tsananta tana sanyaya jiki kamar yadda fura take yi mana. Akwai soyayyen yalo da ake zuba wa zumar rake, baƙa mai kauri kamar ruwan mazarƙwaila kafin ya daskare, wadda har yau ake dafawa a ƙauyen Frigiliana da ke kan tudu a bayan garin Nerja. Akwai kwaɗon dankali da lemun zaƙi da kifi mai gishiri da zaitun da albasa, wanda ake kira ensalada malagueña. Da safe kuwa, gasasshen burodi mai laushi da man zaitun da markaɗaɗɗen tumatir shi ne karin kumallon talaka da mai kuɗi, kuma ya wadatar.

Ina ba kowa shawara ya keɓe safiya ɗaya ya je babbar kasuwar Malaga mai suna Atarazanas. An gina ta a shekarun 1870, amma babbar ƙofarta ta farin dutse ta zamanin sarakunan Banu Nasr na Garnada ce, daga ƙarni na 14, lokacin da wurin yake ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, kuma sunan kansa daga Larabci ya fito, darus sina'a. Ibn Battuta ya shiga wannan gari wajen shekarar 1350, kafin ya ƙetare Sahara zuwa Mali har ya kai Takedda da ke ƙasar Nijar ta yau, ya kuma yaba inabinsa da rummaninsa da ɓaurensa da almon ɗinsa. Duk waɗannan suna nan a kan tebura har gobe, tare da zabibin da lardin ya yi suna da shi da mangwaron da ake nomawa a gabashinsa. Amfanin zuwa kasuwar ga mai neman abinci shi ne zai ga kifin da ke kakarsa da farashinsa a kan kilo, yadda in ya zauna a gidan abinci zai san abin da ya dace ya nema da abin da ya dace ya biya. Wanda ya saba sayen kifi a Yawuri ko Baga ya san alamar sabo, ido garau da jan kunne, kuma alamar ba ta sauya ba don an ƙetare teku. Kasuwar ta safe ce zuwa bayan azahar, ba ta ci ranar Lahadi, ranar Litinin kuma yawancin masu kifi ba sa fitowa saboda jiragen kamun kifi ba sa fita a ƙarshen mako. Wannan ya sa ni kaina ba na neman kifi ranar Litinin a ko'ina a yankin.

Wanda ransa ya biya da nama kuwa, hanya mafi aminci ita ce ta masallaci. Akwai babban masallaci a birnin Malaga, akwai na Fuengirola, garin da Larabawa ke kira Suhail, inda ake danganta malamin nan Imam Suhaili mai sharhin tarihin Manzon Allah (SAW), akwai kuma Masallacin Sarki Abdul'aziz a Marbella wanda aka gina a 1981. Masallatan su ne suka san mahautan da ke yanka na gaskiya da gidajen abincin Maroko da suke saye a wurinsu, inda za a sami kuskus da dafaffen naman rago da shayin na'ana'a. Akwai cibiyar da ke ba da shaidar halal mai mazauni a Ƙurɗuba, Instituto Halal, kuma ganin takardarta a bango ya fi kalmar halal da kowa zai iya rubutawa a allo. Batun yankan Ahlul Kitabi na bar wa malamai. Ni dai na ga kifi ya isar mini, nama kuma sai inda aka nuna mini.

Game da kuɗi, abubuwa kaɗan ne suke jefa baƙo cikin asara. Babban kifi akan sayar da shi ne bisa nauyi, wani lokaci a rubuta S/M a gabansa, ma'ana gwargwadon farashin kasuwa, saboda haka a nemi a auna shi a faɗi kuɗinsa kafin a ɗora a wuta. Abinci yana zuwa a ma'auni uku, tapa ɗan ɗanɗano, media ración rabin faranti, ración cikakken faranti, kuma al'adar wurin ita ce a yi odar faranti da yawa a ajiye a tsakiya kowa ya sa hannu, wanda ya fi araha ga mai iyali ya kuma dace da yadda muke ci a gida. Burodi da zaitun da ake ajiyewa ba tare da an nema ba sau da yawa suna shiga lissafi. A ranakun aiki gidaje da yawa suna da menú del día, abincin rana kashi biyu da abin sha da kayan zaƙi a farashi ɗaya, sai dai a nan ne ya kamata a fi yin tambaya domin kashi na biyu yakan zama alade. Tun 2022 doka ta wajabta wa gidajen abinci su ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema, kuma kowane gida dole ne ya ajiye takardar shigar da ƙorafi ta hukuma, hoja de reclamaciones, wadda baƙo ma yana da haƙƙin nema idan an cuce shi. A wurare irin Puerto Banús na Marbella, inda attajirai ke ajiye jiragen shaƙatawarsu, kuɗin kallon wurin ake biya fiye da na abincin.

Ban hana kowa duba taurarin da ake ba gidajen abinci a intanet ba, amma a tuna cewa yawancin masu ba da su baƙi ne da suka kwana biyu suka wuce, kuma ba su damu da abin da ya dame mu ba. Na fi amincewa da gidan da na ga tsofaffin gari da jikokinsu sun cika shi da ƙarfe uku na ranar Lahadi, wanda jerin abincinsa gajere ne, an rubuta kifin ranar da alli a kan allo, kuma babu mai tsayawa a ƙofa yana jan hannun mutane. Jirgin ƙasa mai gajeren zango yana tashi daga Malaga ya bi ta filin jirgin sama da Torremolinos da Benalmádena ya tsaya a Fuengirola, don haka wanda otal ɗinsa yake ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa ba shi da dalilin tsare kansa a abincin otal.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarmu ta buɗe wani ɗan shafi inda waɗanda suka je irin waɗannan ƙasashe, da ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke zaune a can, za su riƙa rubuto abin da suka sani game da abinci da masallatai da farashi, da Hausa, domin kamfanonin da ke shirya tafiye-tafiye sukan tsaya ne a kan biza da tikiti da masauki. Idan an buɗe shi, a shirye nake in aiko da jerin kalmomin abinci na harshen Sifaniya da yadda ake furta su, wanda matafiyi zai iya ajiyewa a wayarsa ya nuna wa mai hidima.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Kano